Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Gandun Dajin Dindir: A Fara Da Yaran Da Ke Bakin Dajin

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kare Namun Daji ta Sudan, da jami'an da ke riƙe da Gandun Dajin Dindir, da ma'aikatun ilimi na jihohin Sinnar, Gadarif da Nil Azrak.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da jajen abin da yaƙi ya jawo mana baki ɗaya, da addu'ar Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu lafiya. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa da ke gefen Kogin Dindir. Na san da Larabci ofisoshinku ke aiki, kuma da Larabci takardar nan za ta iso teburinku. Na fara rubuta ta da Hausa ne don iyayen ɗalibaina su san abin da na roƙa da sunan 'ya'yansu, haka ma 'yan'uwanmu na Maiwurno da Gadarif da Damazin, da na can Najeriya da Nijar waɗanda da yawansu ba su taɓa jin cewa har yau akwai zaki a Sudan ba.

Roƙona guda ne. Duk ranar da kuka zauna tsara yadda za a farfaɗo da gandun nan, ku sa karantar da yaran ƙauyukan da ke kewaye da shi a sahun gaba, kafin gyaran masaukin baƙi, kafin tallar yawon buɗe ido. Kuma kada karatun ya tsaya a hoton zaki da jerin abubuwan da doka ta hana. A fara musu daga ƙasar da suke takawa.

Aikin ba sabo ba ne a wurinku. An kafa gandun a 1935, zamanin Turawan Ingila, bayan yarjejeniyar Landan ta 1933 kan kare dabbobi da tsirran Afirka, don haka yana cikin tsofaffin gandayen nahiyar nan. A 1979 UNESCO ta sa shi a jerin wuraren da ake son mutum da daji su rayu tare, kuma duk wurin da ya shiga jerin nan ya ɗauki alkawari uku: kare halittu, kyautata rayuwar mutanen da ke kewaye, sai bincike da ilmantarwa. A 2005 kuma aka shigar da shi yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamun duniya, saboda fadamunsa. Alkawarin farko babu wanda bai san shi ba a ƙauyukanmu, tunda shi ne ke zuwa da kaki da mota. Na ukun kuwa, tara ɗalibai ka tambaye su, sai dai su bi ka da kallo. Ban manta da ƙoƙarin da aka yi a farkon shekarun 2000 ba, lokacin shirin da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tallafa, aka kafa kwamitocin ƙauyuka aka yi ta faɗakarwa. Allah Ya saka wa waɗanda suka yi da alheri. Sai dai yaran da suka ji waccan faɗakarwa yau su ne iyaye, kuma 'ya'yansu ba su gaji ko takarda ɗaya daga cikinta ba.

Gandun ya haura murabba'in kilomita 10,000, ya ratsa jihohi uku, ya je ya jingina da iyakar Habasha inda gandun Alatish yake. Yaron da aka haifa a bakinsa abu biyu ya sani game da Hazira, kamar yadda muke ce mata a nan: wurin da aka kama shanun wane, da wurin da ake shiga a ɓoye a yo itace. Da wannan sanin yake girma, kuma da shi zai tarbi ma'aikacinku ranar da suka haɗu a daji.

Bari in shimfiɗa abin da nake so a koya masa, kada a ce malam ya zo da kuka babu takarda.

Da rani ƙasarmu darewa take yi. Baƙar laka ce, tsagar takan yi faɗin da ƙafar ɗan akuya za ta zurma, zurfin kuwa ka zura karan dawa ya shige har ya kusa ɓacewa. Kullum yaro yana tsallake wannan tsaga a hanyar makaranta, bai taɓa tambayar dalili ba, don a ganinsa haka ƙasa take a ko'ina. Da ruwan farko ya sauka sai lakar ta sha ta kumbura, bakin tsagar ya haɗe, daga nan ruwa ya daina nutsewa sai dai ya kwanta a sama. Lokacin ne takalmi ke zama kaya, lori ya kafe har gatari, ƙauye ya yanke da kasuwa sai bayan damina. Gandun kansa rufe shi ake yi a watannin nan, ba don komai ba sai don wannan laka.

Yawancin lakar nan baƙuwa ce. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasa ta yi ta aman narkakken dutse a inda Habasha take yau, yana malala yana hucewa, wani bisa wani, har ya tara tudun da kaurinsa a wasu wurare ya wuce kilomita guda. Baƙin dutse ne mai nauyi. Rana da ruwa suka yi ta cin sa, yana ruɓewa yana zama laka mai ƙananan ƙwayoyi da ke jan ruwa su riƙe a tsakaninsu, wanda shi ne sirrin kumburi da darewar. Kogunan Nil Azrak da Dindir da Rahad suka yi ta kwaso ta kowace damina suna zubewa a fili. Audugar Jazira a kan irin wannan ƙasa ta tashi, haka dawa da riɗin yankinmu. 'Yan gida su ne duwatsun nan da ke tsaye jefi-jefi a tsakiyar fili, waɗanda shekarunsu sun haura miliyan 500, laka ta zo ta binne su sai kawunansu suka rage a waje. Yaron da ya hau ɗaya daga cikinsu neman akuyarsa yana tsaye ne a kan abin da ya girmi tsaunukan Habasha nesa ba kusa ba.

Wannan darasi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A ajina gwangwani biyu nake sa su kawo, a huda gindinsu da ƙusa, a cika ɗaya da lakar gona ɗaya da yashin kogi, a zuba ruwa daidai wa daida. Na yashi kafin ka kifta ido ya tsiyaye. Na laka sai ya tsaya cak, ruwan yana ƙyalli a sama, lakar ta ɗago har ta ɗara bakin gwangwanin. Mu ajiye a rana, bayan 'yan kwanaki su tarar ta janye daga jikin ƙarfen ta tsattsage, sak filin bayan makaranta. A nan ne za ka ji aji ya kaure da surutu, kowa yana kawo labarin rijiyarsu ko bangon ɗakinsu da ya dare. Akwai ranar da wani uba ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam, shekara miliyan talatin ɗin nan da ka faɗa wa yaro, wa ya ƙirga?" Tambaya ce mai kyau kuma tana da amsa, domin akwai sinadarai a cikin dutse da ke rikiɗa da saurin da aka sani, da su masana ke auna shekarunsa. Amma malamin da ba a horar ba shiru zai yi a gaban uban nan, gobe kuma ya tsallake babin gaba ɗaya.

Daga laka sai maya, wadda ita ce ran gandun. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gangararta daga wajen Habasha zuwa Nil Azrak kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa kogi ba ya miƙewa, sai ya yi ta lanƙwasa. Yana cin gaɓar waje yana zuba yashi a gaɓar ciki, lanƙwasar tana ƙara zurfi, har wata damina mai ƙarfi ruwa ya yanke ta gajeriyar hanya ya bar tsohon kwarin a gefe. Wannan kwari da ire-irensa su ne fadamun da ake kira maya. Ruwan sama da ambaliya suna cika su ta ƙananan magudanai, lakar ƙasansu kuma ta hana ruwan zurarewa. Akwai kusan 40 a gandun, irin su Ras Amir da Abdul Gani da Musa da Girerisa. Kogin Dindir kuwa na 'yan watanni ne: yakan taso a farkon damina, kafin ƙarshen shekara ya tsaya, ya bar farin yashi da 'yan kududdufai. Daga nan har ruwa ya dawo, duk mai rai a dajin nan da maya da kududdufan nan ya dogara.

Na samu ganin haka da idona lokacin ina ɗalibi, a ƙarshen rani, da yamma. Dajin dushe da aduwa da muka ratso duk ya bushe, wani wurin ma toka ce, sai ga fili kore shar a gabanmu. Ɓauna a can tsakiya sun nutse har ciki, tsuntsaye na sauka a gadon bayansu. Gwambaza da kwanta-rafi suna kiwo a gefe, kowane ya ɗan ci sai ya ɗaga kai. Gadu ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa. Gwaggon biri sun yi dandazo suna faɗa da juna, zabin daji na gudu a tsakaninsu, borin-tinke kuwa ya tsaya a bakin ruwa inda tarwaɗa ta taru a ɗan abin da ya rage. Wanda ke tare da mu ya nuna mana sawun zaki a laka, sabo, gefensa bai ko bushe ba, kowa ya matso kusa da mota ba tare da an ce masa ba. Gani ya kori ji, ranku ya daɗe. Na yi shekaru ina ba ɗalibaina labarin nan, kuma na san daga idonsu cewa sun ɗauke shi a matsayin tatsuniya.

Maya ba ta mutuwa rana ɗaya. Wuta ta cinye ciyawar da ke riƙe ƙasa, kofato ya tattake abin da ya saura, a can saman kogi kuma a sare itatuwa a yi gona a gangare. Damina ta zo ta kwaso ƙasa ta zuba a magudanar da ke shayar da mayar har ta toshe, ta kuma cike cikinta kaɗan-kaɗan. Wadda a da take kai ruwa har faɗuwar damina sai ta fara ƙafewa tun tsakiyar rani, ciyawa mai daɗi ta ja baya, ƙaya ta shigo. Ma'aikatanku sun fi ni sanin wannan, tunda su ne suka sha yashe magudanai da haƙa rijiyoyin burtsatse don raya wasu. Saurayin da ya cinna wuta a gindin bishiya don ya sha zuma ya tafi ya bar ta tana ci, bai san hannunsa na cikin wannan ba. Ya san dai in an kama shi zai sha wuya, saboda haka abin da ya koya shi ne kada a kama shi.

Akwai kuma wani babi da nake roƙon kada a cire shi daga karatun don gudun ɓacin ran manya. Lakar nan da ke hana lori tafiya tana hana dabba ma. Da damina manyan dabbobin gandun fita suke yi zuwa tudu da filayen da ke wajen iyakarsa, su dawo in ƙasa ta tsane. Wanda ya ja iyakar a 1935 mazaunin rani ya kare musu, na damina ya bar shi a waje, don a lokacin fili ne fetal. Sai noman tarakta ya fara a yankin Gadarif a shekarun 1940, ya bazu sosai bayan kafa hukumar noman inji a 1968, manyan gonakin mashru'i suka cinye filayen nan. Dabba ta fita ta tarar da dawa da mai gadi da bindiga. Barewar nan da ake kira ariyal, wadda a da ake ganin ta garke-garke, ta ɓace. Raƙumin dawa ya ƙare a shekarun 1980. Dari ma, wata babbar dabba dangin gwanki, ya bi su. Makiyayi shi ma ya wayi gari burtalinsa ya zama gona, mashayarsa an kewaye ta, sai ya kaɗa shanunsa zuwa wuri ɗaya da ya rage da ruwa da ciyawa a watan Maris, wato maya. In za a gaya wa ɗan makiyayi cewa shanun ubansa na kashe gandu, adalci ne a gaya masa abin da ya kora uban ciki. Yara suna gane wa'azin da ya ɓoye rabin gaskiya, kuma ba sa ƙara sauraron mai shi.

Mu ma ba zan wanke mu ba. Buhunan gawayin dushe da ke jere a bakin hanya ba aljanu suka ƙona su ba. Kabar goruba da ake yankewa har zuciya, kifin da ake kwashewa da ƙaramin raga a kududdufin da ya kamata ya zama iri, busasshen naman dajin da ake sayarwa a ɓoye ana kiran sa sharmut, duk akwai hannun mutanenmu a ciki tare da na maƙwabtanmu. Talauci ne ya kawo yawanci, kwaɗayi ya kawo saura. Mutanen bakin gandun sun ƙaru ƙwarai bayan farin 1984 da 1985, yanzu kuma ga waɗanda yaƙi ya koro.

Mu Hausawa da 'yan'uwanmu Fulani mun daɗe a kan kogunan nan. Hanyar Hajji ta kawo kakanninmu tun kafin Turawa, wasu kuma suka zo bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har gaɓar Nil Azrak ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. A nan aka binne iyayenmu, nan 'ya'yanmu za su tsufa, don haka makomar Dindir tamu ce kamar ta kowa. Rikicin da ya auku tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nil Azrak a 2022 ya nuna wa kowa inda maganar ƙasa ke kai mutane in aka bar ta a hannun masu zuga. Wannan ya sa nake so in za a ɗauki yara zuwa gandun, kada a ware lorin Hausawa daban. A cakuɗa ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Masalit da ɗan Gumuz da ɗan Rufa'a, su ci a akushi ɗaya, su tsorata da sawun zaki ɗaya.

Ita wannan tafiya ita ce gaba a roƙona. Daga Disamba zuwa Afrilu hanya a bushe take. A ware wa makarantun bakin gandun wasu kwanaki a kowane rani, a yafe musu kuɗin shiga, a kai su sansanin Galagu da ke cikin gandun su kwana, su ga maya da yamma su kuma gan ta da asuba. Lori da mai ne babban kuɗin. Abinci ku bar mana, iyaye za su haɗa garin dawa da kuɓewa busasshiya, ba yau muka fara ciyar da almajiri ba. 'Yan'uwanmu na Bauchi suna kai ɗalibai Yankari su ga giwa su yi wanka a Wikki, ba wanda ya ɗauke shi almubazzaranci. Kuma a tafi da 'yan mata, tare da malamai mata da iyaye za su yarda da su. Ita ce mai neman itacen girki, ita ce mai saƙar tabarmar kaba, ita ce gobe za ta ce wa ɗanta je ka ko kada ka je. Shirin da ya bar ta a gida ya bar rabin aikinsa.

Sai maganar halwa, wato makarantar allo. Yara da yawa a ƙauyukanmu ba su da wata makaranta sai ta allo, kuma maganar alaramma ta fi ta kowane jami'i nauyi a kunnen iyaye. Kada a tsallake su. A zauna da su cikin girmamawa, za a tarar suna da abin cewa fiye da yadda ake zato. Sun san ayar Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. Sun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Dattawanmu sun san hurumi tun daga ƙasar Hausa, filin da ba mai nomawa ba mai sarewa don na kowa ne. Mutumin da ke ganin gandu a matsayin abin da Bature ya ƙaƙaba zai saurara in aka zo masa ta wannan ƙofa. Abin da alaramma bai sani ba shi ne yadda maya ke cikewa, wannan kuma awa ɗaya a bakinta ta isa.

Littafin da za a yi, a yi shi ƙarami mai hotuna, da Larabci a shafi ɗaya da harshen yaron a ɗaya shafin. Namu da ajami za a rubuta, tunda yaranmu da baƙaƙen Larabci suka buɗe ido. Larabci harshen ƙasa ne, muna koyar da shi muna alfahari da shi, amma ɗan shekara takwas da ke jin Hausa kawai a gida ba zai kai wa kakarsa labarin da shi kansa rabi ya fahimta ba. Haka a yi wa sauran harsunan bakin gandun. Rediyoyin jihohin uku ma su ba da ko rubu'in awa a mako.

Ina kuma roƙon ma'aikacin gandu ya riƙa shigowa aji, ya bar bindigarsa a mota. Mutanen nan sun san dajin, suna kwana cikin sauro da zafi a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, wasunsu sun fuskanci mafarauta masu makamai. Ya zo da ƙahon gwanki da fiffiken jimina, ya zauna a kan benci ya amsa tambayoyi. A gayyato masa tsohon masunci da tsohon maharbi na ƙauyen su zauna gefensa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2016 jaridun duniya sun yi ta yayata cewa tawagar Hans Bauer na Jami'ar Oxford ta tabbatar da zakoki a Alatish, bakin iyakarmu. Aiki ne mai amfani, amma mutanen yankin ba su yi mamaki ba, su da suke jin gurnani da dare. Irin wannan sani yana nan a kan dattawa, kuma yana tafiya kabari tare da su ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai waɗanda suka iya saƙa amya su rataya a bishiya, sana'ar da kakanninmu suka zo da ita. A koya wa samari ita, su sha zuma su sayar ba tare da an kayar da itace ko an tayar da gobara ba.

Yaran ma za su iya yi muku aiki. Ma'aunin ruwan sama a kowace makaranta, da littafi guda na rubutu. Yaro ya rubuta yawan ruwan da aka yi, ranar da shamuwa ta sauka a garin, ranar da kogi ya taso, ranar da ya tsaya, watan da kududdufin ƙauye ya ƙafe. Lissafi ne, kimiyya ce, rubutu ne, duk a shafi ɗaya. Bayan shekara goma za ku sami bayanin da babu wata tawagar masana da za ta iya tara muku a ziyarar mako biyu. Jami'o'in Sinnar da Gadarif da ta Damazin su karɓi littattafan nan su ba ɗalibansu su yi nazari. Daga cikin yaran nan kuma a riƙa ɗaukar ma'aikatan gandu da masu yi wa baƙi jagora, don uba ya ga cewa dajin na iya ba ɗansa albashi.

Na san amsar da ke bakin wasunku. Ƙasa na cikin yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023. Sinja, babban birnin jihar Sinnar, da garin Dindir sun faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a tsakiyar 2024 kafin soja su karɓe su a ƙarshen shekarar. Makarantu sun daɗe a rufe, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, malamai sun yi watanni ba albashi. Wa ke ta maya alhali mutane na neman abin sawa a baki? Ban raina wannan magana ba, a cikinta nake zaune. Amma ku duba ta ɗaya gefen. Makamai sun yawaita a hannun mutane, gas ya yi wuya kowa ya koma gawayi, samari da yawa sun saba da zaman babu makaranta. Ko an ninka ma'aikatanku sau uku ba za su iya tsare daji mai wannan faɗi ba in ƙauyukan da ke bakinsa suna ganin sa a matsayin abokin gaba. Baƙon Turai kuwa zai daɗe bai dawo ba, masaukin da za a gyara masa zai iya jira.

Ba na cewa a ɗauki yaro ko ɗaya zuwa daji sai kun tabbatar hanya lafiya take, an kuma duba ta saboda ragowar abubuwan fashewa. Amma horar da malamai, da zama da alarammomi, da rubuta ɗan littafin, da rabon ma'aunin ruwa, ba sa jiran komai. Abin da muke so daga gare ku yanzu shi ne ku naɗa jami'i guda wanda aikinsa ke nan, a san sunansa a san ofishinsa, ya kira shugabannin makarantu da masu halwa na gefen Dindir da Rahad zama kafin hanya ta bushe a Disamba. Za mu zo masa da jerin makarantunmu da yawan ɗaliban kowace. Mu malaman da ke jin Hausa mun yi magana a tsakaninmu, rubutun ajamin da gwada shi a aji mun ɗauke muku, ba ma neman ko sisi a kai.

Allah Ya yi muku jagora, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin labarin ƙasa,
daga gefen Kogin Dindir, Jihar Sinnar.